Ranar da Karen Ladan Ya Bugu

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai aikin malamin dabbobi ba wani abu ba ne, a kama, a soka allura, a wanke hannu. Madalla da wannan ilimi. Ni ma haka na ɗauka ranar da babana ya kai ni wurin Malam Iro a Dutsi, ina saurayi, ina ganin duk ƙasar Daura ba wanda ya kai ni wayo. Ku ajiye littattafan nan ku gyara zama, tunda yau ko akuya ba a kawo mana ba.

Wata uku na yi wurin Malam Iro bai bar ni na taɓa sirinji ba. Aikina dafa allurai a tukunya, wanke tiyo, da riƙe igiya in ana kayar da sa. Sai abu guda da ya ɗora mini dole: duk dabbar da aka kawo, sai na buɗe bakinta na shinshina. Tunkiya, jaki, har raƙumi, wanda warin bakinsa sai ya raka ka gida ya zauna cin tuwo da kai. In na yamutsa fuska sai ya ce, "Habu, dabba ba ta magana, mai ita kuma ba ya faɗin gaskiya. To wa ya rage maka in ban da hancinka?" Jakar nan da kuke yi wa dariya tasa ce. Ma'aunin zafi ne a ciki, da sirinji biyu na ƙarfe, da takunkumi, da mazurari, da tiyon roba, da wani ɗan katako mai huda a tsakiya wanda ake sa wa dabba a baki don kada ta tauna tiyon. Da su na ci abinci shekara talatin da wani abu.

Shanu da awaki su ne rufin asirinmu, amma wahalar aikin tana wurin kare da kyanwa. Ba a kawo su sai sun kusa shiga rami, kuma sau da yawa ba maƙiyi ne ya kai su nan ba, masoyi ne. Akwai wani mai tsire a Zango da ya kawo mini kyanwarsa a cikin kwali, ta yi laushi, dasashinta fari fat, fitsarinta kamar zoɓo. Ya rantse maƙwabcinsa ne ya yi mata jifa don ɓeraye su cinye masa ƙuliƙuli. Na ce me take ci? Ya ce, "Abin da nake ci. Kullum sai na karkaɗe mata takardar tsire." Wato albasa da yajin tafarnuwa, kullum ta Allah. Na ce masa albasa jini take cinye wa kyanwa da kare, ɗanya ce ko soyayya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Albasar da nake ci tun ina rarrafe?" Na ce, "To kai kyanwa ne?"

Wani mafarauci kuma goro yake taunawa ya tofa wa karnukansa a tuwo, wai don kada su yi gyangyaɗi a daji. Da na je, babban cikinsu yana ta karkarwa, zuciyarsa na bugu kamar kalangu. Na ga hajiyar da ta ba karen gadin gidanta zabibin tsarabar Makka don shi ma ya samu albarka, fitsari ya ɗauke masa. Na ga ƙashin kaza dafaffe ya tsage ya huda hanji, na ga cakulan na jikoki, na ga madarar gwangwani ta sa kyanwa zawo a kan buhunan gero. Duk waɗannan kuna iya samun su a littafi. Wanda zan ba ku yanzu ban ga an rubuta shi yadda ya same ni ba, kuma shi ya lalata mini shekara guda.

Bayan an ƙaddamar da shari'a ne, lokacin da kowace unguwa ta ɗauki zafi. A tamu wasu mutane suka haɗu suka naɗa kansu kwamitin gyaran tarbiyya, ba wanda ya aike su. Shugabansu Alhaji Sabi'u mai atamfa, mutumin kirki ne amma yana son a ce ya yi. Mai zafin cikinsu kuwa Tasi'u tela, wanda ko zakara ya yi cara ba a kan lokaci ba sai ya nemi a bincike shi. A lokacin ana ta raɗe-raɗin wai akwai mai shigo da burukutu yana ɓoyewa a lambunan bayan gari. Sun yi wata biyu suna nema, ko tulu ba su kama ba.

Ladan ɗin masallacinmu, Baba Mamman, yana da lambun albasa a can, da 'yar bukka, da wani baƙin kare mai gadi da ake kira Barsu. Tun ina yaro muryar Baba Mamman ke tashin unguwar nan. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ɗa namiji, abin da yake taƙama da shi a duniya makullin ɗakin lasifika ne, yana rataye a wuyansa da zaren lilo. Matarsa Iya Dije ita ke soya fanke a ƙofar gida kowace safiya, kuma a unguwar nan kaf ba mai yi sai ita.

Karen nan ya yanke a ƙafa da gwangwani, na ɗinke shi, na ce wa Ladan ya kawo shi gida kwana uku don kada ƙasar lambu ta shiga ciwon. Ku riƙe wannan, ni na ce a kawo shi gida.

Rana ta uku ta faɗo ranar sunan ɗan Alhaji Sabi'u. Aka yi addu'a da safe, aka raba goro da fanke, kowa ya ci ya lashe yatsa. Da hantsi mutane na watsewa, sai ga Barsu ya fito daga zauren Ladan yana tangaɗi. Ya yi gabas, ƙafafun baya suka yi arewa. Ya tsaya ya dubi jama'a da ido ja, ya nufi bangon masallaci kamar zai gaishe shi, ya gwara kai, ya zauna daɓas. Sannan ya saki wata gyatsa da aka ce har kajin maƙwabta sai da suka watse.

Ni ina kasuwar dabbobi ina duba wani sa, sai ga mai babur an aiko shi ya ɗauko ni. Na tarar an ɗaure kare a gindin dalbejiyar ƙofar Ladan, an shimfiɗa tabarmi, kwamiti ya zauna, mutane sun yi da'ira. Baba Mamman yana tsugune gefe, ba hula, kuma ba makulli a wuyansa. Makullin yana hannun Alhaji Sabi'u.

Alhaji ya ce, "Malam Habu, mun kira ka ne ka tabbatar mana da abin da ido ya riga ya gani. Karen nan a buge yake. Kare ba ya zuwa mashaya, ba shi da aljihu. Abin da ke gidan ubangijinsa shi yake sha. Mun karɓi makulli, Ladan ba zai ƙara kiran salla ba sai an gama bincike. In ta tabbata, sai gaban alƙali."

Kafin in buɗe baki, wani daga baya ya tambaya ko shi ma karen za a yi masa bulala. Wallahi sai da aka yi muhawara a kan wannan. Wani ya ce kare ba a ɗora masa hukunci ba. Wani ya ce to a yi masa rabi don ya zama izina ga sauran karnuka. Barsu dai yana kwance yana kallon sama, harshe a waje.

Na durƙusa na sa hannu. Cikinsa ya kumbura tim kamar ganga, jikinsa ya yi sanyi, yana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa. Na buɗe bakinsa na shinshina yadda aka koya mini. Warin giya ne, ba shakka, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai tsami-tsami da na taɓa ji sau ɗaya, a bakin karen wani gidan burodi, ina tare da Malam Iro. Kullun da aka sa wa yis, in kare ya haɗiye shi ɗanye, cikinsa ya zama masa wurin ɗumi. Kullun ya ci gaba da tashi a ciki, yana kumbura, yana tsatso giya tana shiga jini. Kare ya bugu bai sha komai ba, in ba a yi sauri ba kuma ya mutu.

Tasi'u ya ce, "To likitan karnuka, ka ji warin ko sai mun ara maka hanci?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Malam Tasi'u, wa ya fara cewa warin giya ne?"

Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Madalla. A ina ka san shi?"

Kowa ya juyo ya dube shi. Tasi'u ya ce ai shi ba sani ya yi ba, labari ya ji. Na juya ga sauran na ce to wa zai zo ya shinshina ya shaida? Mutum goma sha wani abu, kowa ya shiga gyaran hula. Wani ya ce mura yake yi. Wani ya ce shi tun haihuwa hancinsa ba ya aiki. Nan take shaidar ta rasa uba. Da ina da hankali, da a nan na tsaya, na ɗauki kare na kai shi bayan gida na yi aikina a ɓoye. Amma jama'a sun yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi, na ce a kawo mini ruwan randa mai sanyi da bokiti, a gaban kowa za a yi ta.

Ina fiddo tiyo sai Baba Mamman ya matso ya kama mini hannun riga. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Habu, bar shi. In kwanansa ya ƙare, ya ƙare."

Na ce, "Haba Baba, ai yanzu zan wanke ka tas."

Ya ce, "Ɗan nan, na roƙe ka, abin da ka gani ka bar shi a cikinka."

Wannan mutumin fa, ranar da nake ɗinke ƙafar karen nan kau da kai ya yi don ba ya iya kallo. Yau shi ke cewa a bar shi ya mutu. Ko jaki ne ya ji haka ya tsaya ya yi tunani. Ni ban tsaya ba.

Na sa katako a bakin Barsu, mutum biyu suka danne shi, na auna tiyo daga hanci zuwa haƙarƙarin ƙarshe, na shafa mai, na zura a hankali. Wannan ba aikin da za ku gwada ba ne sai kun ga an yi sau ashirin, don in tiyo ya bi hanyar iska kun kashe dabba da hannunku. Yana isa ciki sai iska ta fito fuuu, na gaba-gaba suka ja da baya suna toshe hancin da suka ce ba ya aiki. Na ɗura ruwan sanyi ta mazurari, don sanyi ke kwantar da yis, na sunkuyar da tiyo cikin bokiti. Ruwa ya dawo fari, da kumfa, da gudaji masu yauƙi. Na ɗura, na juye, na ɗura, na juye, har cikin ya saki. Sannan na tsoma hannu a bokiti, na ɗago wani guntu yana naɗewa a yatsuna, na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

Na ce, "Ga giyarku! Kullun fanke ne ɗanye. A cikinsa ya tashi, a cikinsa ya zama abin da kuka ji. Ladan bai ajiye komai ba."

Ina jira a yi kabbara. Ba wanda ya yi. Na ga Alhaji Sabi'u ya dubi yatsunsa, har lokacin da sauran maiƙo. Na ga wani dattijo ya zaro ƙullin leda daga aljihu, wanda ya ɓoye wa jikokinsa, ya ajiye a ƙasa a hankali kamar ƙwai. Sai a sannan kaina ya kawo wuta. Gida guda ake soya fanke a unguwar nan, kuma yau duk wanda ke wurin ya ci shi.

Alhaji ya haɗiye yawu ya ce, "Ladan, kullun wane gida ne? Na yaushe?"

Baba Mamman ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Alhaji, ku bar ta yadda kuka fara faɗa. Ku riƙe makullin."

Kun ji fa. Mutumin da ko sigari bai taɓa riƙewa ba ya yarda a kira shi mai ajiye giya, a raba shi da kiran salla, a kai shi gaban alƙali, don kada a ce kare ya sa baki a kullun matarsa. Ya san in maganar ta fita, kaskonta ya mutu, da sunanta tare. Tun safe abin da yake tsugune yana gadi ke nan, ni kuwa na zo da tiyo na zuƙo shi na ɗaga sama.

Sai muka ji murya daga cikin zaure. Iya Dije ce, ta tsaya bayan asabari, ba ta fito ba.

Ta ce, "Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa, kuma ita ce ta farko da na ji a bakinsa shekara arba'in. Malam, ka yi shiru, ni zan faɗa. Da asuba na kwaɓa kullun suna, na ajiye kusa da murhu ya tashi, na shiga salla. Na fito na tarar da la'anannen nan kansa cikin roba har kunne. Ga suna ya matso, ga ba wani fulawa. Na kwashe inda bakinsa ya taɓa har da ƙari na zubar, na juye sauran a wata roba, na wanke waccan sau bakwai. Sauran na soya. Malam bai sani ba sai da kare ya fara tangaɗi na gaya masa. Alhaji, ka ci, har aike ka yi a ƙaro. Laifina ne, ku yi da ni. Amma ku ba shi makullinsa."

Ana wata ga wata. Tasi'u ya ruga gindin dalbejiya ya durƙusa kusa da Barsu, su biyu suna kakari, har karen ya ɗago kai ya dube shi. Wani malami a cikin taron ya fara bayanin cewa a karatunmu abincin bai haramta ba, amma wa ke sauraron karatu da yatsa a maƙogwaro? Masu kurkure baki suka ƙarar da ruwan randar da na sa a kawo. Kwamiti ya watse ba a rufe taro da addu'a ba, kuma daga ranar ban ƙara jin sun zauna ba, don duk inda suka doso sai wani ya yi haushin kare ta bayan katanga.

Alhaji Sabi'u kaɗai ya rage a tabarma. Ya dubi inuwa, ya dubi makullin da ke hannunsa, ya tashi ya isa gaban Baba Mamman ya rusuna. Ya ce, "Baba, azahar ta yi. Ka yafe mana." Tsohon ya karɓa, ya rataya a wuya, ya shiga ya yi alwala. Ya ɗaga murya a lasifika, ya kira sallar har ƙarshe.

Barsu ya kwana biyu ina ɗura masa ruwa ina lulluɓe shi da buhu, rana ta uku ya miƙe yana neman abinci kamar ba shi ba. A takarda, aiki ya yi kyau: dabba ta rayu, mai ita ya wanku. Ni kuwa shekarar nan ban ga daidai ba. Aka sa mini suna likitan mashaya. Masu shanu suka riƙa cewa hannun da ya shiga aman kare ba zai taɓa musu saniyar tatsa ba, sai da na koma bin rugage can wajen Zango inda labarin bai kai ba. Wannan duk mai sauƙi ne, na ci abin da na shuka. Garin neman gira na rasa ido, sai dai idon ba nawa ba ne.

Washegarin abin, Iya Dije ta hura wuta kamar kullum. Sabuwar roba, sabon fulawa, ta soya tire guda, ta zauna a ƙofar gida. Yara masu zuwa makaranta suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen hanya. Ko mutum ɗaya bai tsaya ba. Ina hango ta daga shagona, kunya ta hana ni motsi. Ta yi kwana uku haka, a na huɗu ta ce ta gama.

A wannan rana ta huɗu, da ta tashi za ta shiga da tiren ƙarshe, Baba Mamman ya karɓe shi daga hannunta. Ya ɗauka ya kai ƙofar masallaci, inda dattawa ke shan hantsi, ya zauna a tsakiyarsu, ya yi bisimilla da ƙarfi ya fara ci. Ɗaya bayan ɗaya, ba ruwa, ba magana, tsoho mai haƙori shida. Ba wanda ya miƙa hannu. Ni dai ban san lokacin da na rufe shago ba. Na je na zauna gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya turo mini tiren ya ce, "Ci. Da yawa, ba zan iya ni kaɗai ba."

Muka yi ta ci har ya ƙare, idona na zubar da ruwa, ina cewa hayaƙi ne, alhali ba wuta a kusa. Shi ne fanken ƙarshe da Iya Dije ta soya a duniya, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa ba.

Don haka in an kawo muku kare ko kyanwa, ku tambayi abin da ya ci, ku shinshina bakinsa, wannan wajibi ne. Amma in mai dabba ya kama muku hannun riga, ku ajiye tiyo ku ja shi gefe ku ji ta bakinsa tukuna. Malam Iro ya koya mini cewa mai dabba ba ya faɗin gaskiya, bai kai ga gaya mini dalilin wasunsu ba.

Barsu kuwa yana gefe a ranar, an ɗaure shi za a mayar da shi lambu. Da ya ga saura fanke ɗaya a tire sai ya miƙo baki yana kaɗa wutsiya. Baba Mamman ya ɗauke, ya raba biyu, ya miƙa mini rabi, ya dubi karen ya ce, "Kai ai ka ci naka."